Ranar da Muka Ce Ba Mu San Mai Agogo Ba

Mijin ƙanwata mutumin Gana ne. Gyaran agogo yake yi a bakin hanyar tasha a Kafanchan, a kan wani ɗan tebur mai gilashi, ni kuma rumfata ta gyaran keke tana gefensa, tsakaninmu bai kai taku biyar ba. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har matarsa in ta yi fushi. Ya zo garin tun yana saurayi, ya tarar da ma'aikatan reluwe kowa da agogo a aljihu, sai ya zauna. A cocinmu ya auri ƙanwata, ni na riƙe igiyar akuyar da ya kawo. 'Ya'yansu biyar. Yana jin yarenmu, yana cin tuwon acca kamar a kansa aka yaye shi, ya kuma fi ni zuwa jana'iza.

Bayan da Gana ta kori baƙi, mutanenmu suka yi ta dawowa da buhuna a ka, sai magana ta fara yawo cewa mu ma za mu rama. Ba a rediyo aka faɗa ba. A gidan burkutu ake faɗa, da bakin famfo, mu kuwa mun fi yarda da waɗannan. Ƙanwata ta rame. In aka kore shi, ko dai ta bi shi ƙasar da ko gaisuwarsu ba ta iya ba, ko ta zauna da yara biyar ba uba. Shi ya sa, wajen shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Mai Agogo ya ce zai cika fom ya nemi zama ɗan Nijeriya, da takarda, da hatimi.

Ni ban yarda ba. Na ce, "Suruki, yanzu fa gwamnati ba ta san kana nan ba. Kai ne za ka ɗauki biro da hannunka ka gaya musu sunanka, da na ubanka, da layin gidanka. Ranar da suka tashi kora, ka rage musu wahala."

Ya ce, "Kawu, aji nawa ka yi?" Kawu yake kirana, yadda yaransa suke kirana.

"Biyu."

"Ɗaya da rabi," in ji ƙanwata daga bakin murhu.

Gaskiyarta ne. Na bar makarantar mishan a tsakiyar aji biyu, a kan wata magana ta gwaibar ticha wadda har yau ban amsa laifinta ba. Karatuna na yatsa ne. In na fara Zabura ɗaya tare da jama'a, kafin in kai ƙarshe an tashi daga coci.

Akwai wani tsohon hedimasta a unguwarmu da ya ajiye aiki, mai sa laktaye ko gona za shi. Shi ya taya surukina cika fom. Shi ya ce za a kira shi Kaduna a yi masa intabiyu, a tambaye shi abin da ya sani game da ƙasa. Ya sayi littafin rubutu ya jera tambayoyi a ciki, shafin hagu da Turanci, na dama da Hausa, ya ce ya yi haka ne don ko wanda bai yi karatu ba ya iya yi masa bita. Ni yake kallo sa'ad da ya faɗa.

Ban taɓa sakin jiki da mutumin nan ba. Ɗansa yana aiki a sakatariya a Kaduna. Kuma ni a ganina, in mutum ya san tambayoyin da gwamnati za ta yi tun kafin ta yi su, to ya kamata a tambaye shi inda ya samo.

Duk da haka littafin a hannuna ya ƙare, don ni ne kusa. In kasuwa ta yi sanyi wajen azahar, sai in goge hannu a wando, in kifa bokiti in zauna, in ɗora yatsa a kan layi.

"Jihohi nawa ne a Nijeriya?"

"Goma sha biyu."

"Lissafo."

Sai ya runtse ido ɗaya, yadda yake yi in ya sa ɗan madubinsa zai leƙa cikin agogo, ya jero su ba gargada.

"Tutar ƙasa?"

"Kore, fari, kore."

"Koren na mene ne?"

"Noma."

"Farin fa?"

"Zaman lafiya."

"Wa ya gaya maka?"

"Hedimasta."

"Shi wa ya gaya masa?"

"Kawu, wannan ba ya cikin littafi."

"To in sun tambaye ka abin da ba ya cikin littafi fa? Ka zaci sun kira ka ne don ka ci?"

A wannan bokitin na san cewa manyan koguna biyu suna haɗuwa a Lokoja. Da ina tsammanin kogin Kaduna ya fi kowane. A nan na san shekarar da aka sami 'yanci, ko da yake ina nan aka yi, har na ci shinkafar. Ni da aka binne cibiyata a wani ƙauye kusa da Zonkwa, ba wanda ya taɓa yi mini tambaya ko ɗaya kafin ya bar ni in zauna a ƙasar. An yi mini rai. Da an tambaye ni, da tuni an sa ni a jirgi, sai dai ban san ina za a kai ni ba.

Taken ƙasa ya fi ba mu aiki. Surukina yana cikin mawaƙan coci, saboda haka ba ya iya faɗar kalmomin kawai, sai ya miƙe ya rera da dukan ƙirjinsa. Masu jiran mota su taru. Wani direban jirgi da ke kawo masa agogo ya mai da abin wasa, da ya hango mu sai ya ƙame ya sara. Ni kuwa ina duba fuskokin da suka taru, ina neman wadda ban sani ba. Na gaya wa surukina ya rage murya. Ɗan ƙasa na gaske ba ya tsayawa bakin titi yana rera taken ƙasa da rana tsaka. Wanda ya yi haka ya gaya wa kowa cewa baƙo ne.

Mun yi wata uku muna haka. Sai wata safiya surukina ya tafi Jos sayen kayan aiki, ya rufe teburinsa da kwaɗo. Bayan jirgin Kaduna ya shigo, ina liƙe wani tiyub, na ga takalmi baƙi a gabana. An goge shi yana ƙyalli, a damina, a Kafanchan. Na ɗaga kai. Mutum ne dogo, da kwat mai gajeren hannu, ba jaka, ba kaya, sai fayil a hammata.

A nan sai in faɗi wani abu game da mu, in ba haka ba za a ce hauka muka yi. A shekarun rikici, kafin yaƙi, wasu mutane sun shigo unguwarmu suna tambayar ina ne gidan wane. Akwai wanda ya ɗaga hannu ya nuna, ba da mugunta ba, don dai an koya masa a nuna wa baƙo hanya. Mun ga abin da ya biyo baya, shi ma ya gani, har ya mutu bai ƙara zama cikin mutane ba. Tun daga nan, ba taro ba shawara, unguwa ta riƙe abu ɗaya. In baƙo ya tambaye ka wani, ba ka san shi ba. Sai ka zaga ta baya ka tambayi mutumin ko yana so a san shi.

"Sannu da aiki, maigida," in ji mai baƙin takalmi.

"Yawwa. Sannu."

"Mai teburin nan fa?"

"Wane tebur?"

Ya dubi teburin, ya dube ni.

Na ce, "Au, wannan. Ina ji na reluwe ne."

"An ce akwai wani mutumin Gana a nan mai gyaran agogo." Ya buɗe fayil ya karanto sunan surukina, duka uku, har da na tsakiya wanda ni kaina sau ɗaya na taɓa ji, ranar aure. Wannan suna a fom kaɗai yake. Abin da na faɗa tun farko ya tabbata.

Na ce, "Shekara ashirin ina rumfar nan, ban taɓa ganin ɗan Gana ba. Yaya kamarsu take?"

"To wannan hoton agogon da aka zana a jikin teburin?"

"Yaran yanzu ne, yallaɓai. Ba sa jin magana."

Bai yi gardama ba. Ya zaro biro ya rubuta. Ya tambayi sunana, na ba shi na wani kawuna da ya daɗe da rasuwa, wanda ba abin da za a ƙara yi masa. Sai ya tambaye ni hanyar unguwarmu, ya faɗi layin daidai. Na kwatanta masa da kyau: ya bi ta kasuwa, ya wuce asibiti, ya zago ta bayan makaranta. Hanyar tana kaiwa, ban yi masa ƙarya ba, sai dai ta ninka ta gaske sau uku. Yana juya baya na ja keken wani da aka kawo gyara, mai feda ɗaya, na bi gefen layin dogo.

Kafin ya iso na gama da unguwa. Na gaya wa mai ƙosai ta bakin layi, ita ta gaya wa matan famfo. Na gaya wa tela. Mai unguwa yana jin bayani ya ɗauki fartanya ya ce a ce ya tafi gona tun asuba. Dattijon cocinmu ne ya so ya ba ni wahala, ya ce shi ba zai yi ƙarya ba. Na ce, "Baba, ba ƙarya za ka yi ba. Idonka ba ya gani sosai, ko ba haka ba?" Ya ce haka ne. Na ce to ka tsaya a nan.

Hedimasta kaɗai na tsallake. A raina shi ya kai rahoto. Na gaya wa mutane in baƙon ya nufi gidansa, su ce ya tafi Kagoro biki.

Ƙanwata tana shanya citta a tsakar gida, da jaririnta ɗan wata takwas a baya. Ban gama magana ba ta shiga ɗaki, ta sauke hoton aurensu ta tura ƙarƙashin katifa, ta kwashe takalman mijin ta zuba a kwando ta rufe da ganye. Sai muka tsaya muka ji ƙarar. Agogunan bango na mutane da ya kawo gida yana gwada su, guda bakwai, duk suna tafiya. Muka lulluɓe su da zannuwa. Ni na shige bayan rumbu na tsuguna.

Na ji sallamarsa. Na ji ya karanto sunan.

"Ban san shi ba," in ji ƙanwata.

"An ce nan ne gidansa, ke ce matarsa."

"Ni mijina ya rasu."

"Ayya. Allah ya ji ƙansa. Yaushe?"

"Da daɗewa."

Na leƙa ta gefen rumbu. Mutumin yana kallon jaririn. Jaririn ma shi yake kallo. Ya sunkuya ya rubuta. Yana cikin rubutun sha biyu ta cika, agogunan nan bakwai suka fara bugawa daga ƙarƙashin zannuwa, wani na gaba wani na baya, akwai ma mai kukan tsuntsu.

Ƙanwata ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "Na coci ne."

Ya jira suka gama. Ya duba na hannunsa, ya ce ɗaya yana latti da minti biyu. Ya yi godiya ya fita.

Ya zaga unguwa har la'asar. Bai sami ko akuyar da ta san Mai Agogo ba. Dattijon coci ya gaya masa mutane da yawa suna shigowa sujada, shi kuma sai inuwa yake gani. Da baƙon ya hau motar Kaduna, na bi bayanta da ido har ta sha kwana, sannan na wuce gidan burkutu, aka yi ta ba ni ƙwarya ina karɓa. A ranar ba wanda ya tuna aji ɗaya da rabi.

Ni da ƙanwata muka yanke kada a gaya wa surukina. In ya ji an zo nemansa, hankalinsa zai tashi, jihohin su zube. Unguwa ta riƙe bakinta. Ya dawo daga Jos ya tarar mutane suna gaishe shi da hannu biyu, mai ƙosai tana ƙara masa gyara, ya ce mini, "Kawu, ka ga? Sun ji na kusa zama ɗan ƙasa." Na ce haka ne. Muka koma kan bokiti.

Bayan sati uku wasiƙa ta zo, an sa ranar intabiyu. Na juya ta gaba da baya. Na ce a raina, sun zo ba su same shi ba, yanzu suna so ya kai kansa. Amma ba zan iya faɗa masa dalili ba, sai na ce zan raka shi. Niyyata in an riƙe shi, a sami mai kawo labari gida. Ƙanwata ta ɗaure masa kaya kala biyu da bargo. Ya ce kwana ɗaya fa zai yi. Ta ce Kaduna da sanyi.

A jirgi bai yi magana da kowa ba sai littafi. Ya ƙi cin komai. Ya sa farar rigarsa ta coci, ya ɗaura agogo mafi kyau, wanda ma ba nasa ba ne.

Ofishin bene ne. Aka zaunar da mu a benci a baranda, masinja ya karɓi wasiƙar ya shige. Na lura da ƙofofi, biyu ne, ɗaya akwai ɗan sanda. Aka kira shi. Ta jikin ƙyauren ina jin muryarsa sama-sama, ina gane inda yake: ga jihohi, ga koguna, ga tuta. Har na ji ya miƙe ya fara rerawa, aka dakatar da shi a layi na uku. Na ce to. Daga nan sai shiru.

Masinja ya leƙo. "Waye surukin?"

Na waiwaya bayana. Bango ne.

A ciki akwai babban tebur, da wani babban jami'i mai tabarau da furfura. Surukina yana tsaye, fuskarsa kamar an watsa masa toka. A gefe, kan kujera, an ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga takalmi baƙi yana ƙyalli.

"Sannu da aiki, maigida," in ji shi.

Ban san lokacin da na cire hula ba.

Mai tabarau ya ce, "Wannan mutumin ya amsa tambayoyinmu duka, har da wadda ni sai da na duba takarda. Amma doka ba sanin koguna kaɗai take nema ba. Tana so mutanen da yake zaune da su su ce sun san shi, sun yarda da shi, nasu ne. Shi ya sa muke aikawa a tambaya. Mun aika." Ya buɗe fayil. "Mutum goma sha ɗaya, ba ɗaya da ya taɓa jin sunansa. Teburin da ya ce nasa ne, na reluwe ne. Matar da ya rubuta mana a fom ta ce mijinta ya mutu da daɗewa."

Surukina ya juyo a hankali. "Kawu. Na mutu?"

Na dubi fanka.

Mai tabarau ya ce, "Wanda ya rubuta wa gwamnati ƙarya a fom, ba takarda kaɗai ake hana shi ba. Mota ake sa shi zuwa kan iyaka. Ya ce surukinsa yana waje, zai shaide shi. Ga kuma ma'aikacina ya ce kai ne mutum na farko da ya ce bai taɓa ganin ɗan Gana ba. To ka san shi, ko ba ka san shi ba?"

Ko a wannan lokacin ban gama yarda ba. Na ce a raina, wata ƙila dabara ce. Sun rasa mai shaida cewa baƙo ne, suna so ta fito daga bakina. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ce na san shi, me za a yi masa?"

"Wannan ban gaya maka ba. Na dai gaya maka abin da za a yi in ka ce ba ka san shi ba."

Na dubi surukina. Shekara ashirin ke nan muna gefe da gefe.

Na ce, "Na san shi."

Daga nan bakin ya ɓalle. Na faɗi shekarar da ya zo, da ɗakin da ya fara kamawa, da launin akuyar aure. Na jero yaran biyar da wanda ya yi wa kowanne baftisma. Na ce yana minshari, ba ya cin kuɓewa, ya taɓa karya yatsa wajen ginin coci. Na faɗi keke mai feda ɗaya, da hoton da ke ƙarƙashin katifa, da rumbun da na tsuguna a bayansa.

Mai baƙin takalmi ya ce, "Sunanka?"

Na faɗa.

"Ba shi ka ba ni ba."

"Wancan na kawuna ne, yallaɓai. Aro na yi."

Mai tabarau ya ce, "To yaushe za mu yarda da kai? Ran nan, ko yau?"

"Ranka ya daɗe, duka biyun don shi na yi."

"Don shi ka tara unguwa guda ta ce ba ta san shi ba?"

Na ce, "A wurinmu, wanda muke so shi muke cewa ba mu sani ba. Da ba ma son sa, da ni da kaina zan riƙe hannun ma'aikacinka in kai shi har ƙofar ɗaki. An taɓa zuwa ana tambaya, ranka ya daɗe. An taɓa nunawa."

Ban ƙara bayani ba, shi ma bai nema ba. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya daɗe yana kallon fayil ɗin. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga masinja yana cizon leɓe a bakin ƙofa.

Ya ce, "Wannan ba ni da inda zan rubuta shi. A fom ɗin gida biyu ne, an san shi, ba a san shi ba." Ya rufe fayil. "Ba zan kai shi gaba ba, ba kuma zan yar da shi ba. Za a sake aiko wani. Ba wannan ba. Ba zan gaya muku rana ba. Ku tafi."

A jirgin dawowa surukina ya zauna gefen taga da bargonsa a cinya. Na saya masa rake, ya bar shi a benci. Sai da muka tsaya a Zonkwa ya buɗe baki, ba tare da ya dube ni ba.

"Ciwon me ya kashe ni?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ko kuka ta yi?"

"Suruki, ba lokaci."

Ya kwana biyu a gidan wani abokinsa a kwatas ɗin reluwe. Sai da fasto da matan zumunta suka raka ƙanwata aka ba shi haƙuri. Hedimasta da ya ji labari ya zo har rumfata, da laktaye, ya ce tun ranar cika fom ya san za a aiko mai bincike, ya ma shirya abin da zai gaya masa a takarda shafi biyu. Na ce to me ya sa bai faɗa mana ba? Ya ce bai zaci akwai mai buƙatar a gaya masa ya san surukinsa ba. Amma har yau ina cewa mutumin da ya san abu irin wannan ya yi shiru, a duba shi.

Sai unguwa ta juya gaba ɗaya. Tunda ba mu san wa za a aiko ba, kowane baƙo muka ɗauka shi ne. Wani mai tallan magani ya tsaya tambayar inda ake sayar da ruwan sanyi, mai ƙosai ta ba shi tarihin Mai Agogo tun daga saukarsa jirgi. Wani yana neman motar Gidan Waya, tela ya riƙe masa hannu ya kai shi gidan ƙanwata, aka nuna masa hoton aure, aka jera masa yaran biyar bisa tsawo. Wani ɗan Kagarko da ya zo cigiyar ɗan'uwansa sai da ya ci tuwo sau biyu kafin a sake shi. Dattijon coci ma idonsa ya buɗe. Accar ƙanwata ta wannan shekarar a bakin baƙi ta ƙare.

Ba mu taɓa sanin wanne ne a cikinsu ba. Ni na fi zargin wani gajere da ya kawo keke lafiyayye ya ce a duba masa, ya zauna ya bar ni ina zuba har awa biyu. Ƙanwata ta ce mai maganin ne. Wani lokaci kuma sai in ga kamar ba wanda aka aiko, mai tabarau ya dai jira ne ya ga ko za a manta.

Jiran ya kai shekara huɗu. A cikinsu kuɗi ya canja suna, shugaban ƙasa ya canja sau biyu, jihohi suka zama goma sha tara. Duk lokacin da aka yi canji sai ƙanwata ta ce shi ke nan, fayil ya ɓace. Surukina ya sa Hedimasta ya rubuta sabon littafi, ko za a sake kiransa. Bai ba ni ba. Matarsa ya ba, wadda ba ta karatu ko na yatsa, ya ce gara ita, ta riga ta kashe shi sau ɗaya.

Aka kira shi rantsuwa a Kaduna. Tare da Hedimasta ya tafi. Kashegari da hantsi ya zo rumfata da wata babbar ambulan, ya zaro takardar, mai kauri, da jan hatimi. Na miƙa hannu, ya ja baya.

"Hannunka da baƙin mai."

Na goge a wando. Ya ce duk da haka.

Ya riƙe ta a gabana ya karanta mini, da Turanci sannan da Hausa, har da sa hannun ƙasa. Masu jiran mota suka yi tafi. Na bari suka gama.

Na ce, "Karanto mini inda aka ce ba za a iya karɓe ta ba."

Ya duba gaba. Ya juya baya, ba komai. Ya sa ɗan madubinsa a ido ya bi ƙananan rubutun ƙasa layi-layi.

"Ba su rubuta ba."

"To."

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya mai da ita cikin ambulan, ya ce in ba shi tsohon tiyub mai kyau, wanda ba ya yoyo. Na yanka masa, muka naɗe ta a ciki, na liƙe bakin da gam yadda ruwa ko gara ba za su shiga ba. Ya kai gida. Inda ya ɓoye ta, ƙanwata ta sani, Hedimasta ya sani. Ni har ya rasu, muka binne shi a bayan cocinmu, bai gaya mini ba.